Rarrafe, Tatata da Tsalle: Koya wa Ƙananan Yara Motsa Jiki Ba Tare da Rauni Ba

(Lacca ce da aka gabatar ga iyaye da malaman ajin renon yara, aka rubuto ta daga faifan murya.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena mata, ƙannena malamai, da iyaye maza da nake hangowa can baya, sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin wannan zafi.

A gidajenmu, da zarar yaro ya yi ƙafa, abin da yake ji daga safe zuwa dare shi ne: zauna, sauko, kar ka faɗi, za ka karye. Tsoron da ke sa uwa wannan tsawar tsoro ne na gaskiya, duk wadda ta taɓa kwana da yaro mai karaya ta san shi. Sai dai yaron da aka hana hawa zai hau ɗin, a bayan idonki, kuma ran nan babu wanda ya taɓa nuna masa yadda ake saukowa. Don haka nake so yau mu ɗauki motsin jiki a matsayin abin koyarwa, mu zauna mu koya wa yaro shi da hannunmu.

Mu fara daga jariri. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ta ce jaririn da bai fara rarrafe ba, a riƙa kifa shi a kan cikinsa aƙalla minti 30 a yini, a rarrabe, yana farke, babba na kallonsa. Ga yadda za ki yi. Ki shimfiɗa tabarma, ki ɗora zani mai tsabta, ki kifa shi, ke ma ki kwanta rub da ciki fuskarki daf da tasa, ki kira sunansa. Za ki ga ya yunƙura, kan yana rawa, ya ɗago haɓa kaɗan, ya sake, ya kuma ɗagowa. Wannan yunƙurin shi ke gina wuya da kafaɗa da baya, waɗanda zai zauna da su, ya yi rarrafe da su. In ya yi kuka bayan minti 2, ki ɗauke shi, anjima a sake. In ya ƙi tabarma sam, ki kishingiɗa ki kifa shi a ƙirjinki. Amma ku riƙe wannan da kyau: kifawa ta lokacin wasa ce kawai. Barci a rigingine ake kwantar da jariri.

Sai maganar goyo, wadda na san za ta taɓa kowace mace a ɗakin nan. Shawarar ta ce kada a bar yaro a ɗaure wuri guda fiye da awa 1 a jere, kuma ta ambaci goyo a baya cikin misalanta. Ni ba zan taɓa tsayawa nan in kushe goyo ba. Da shi aka rene mu, yaro yana samun ɗumin uwarsa da natsuwa, ita kuma tana samun hannun yin aiki. Abin da nake roƙo shi ne a riƙa kwance majanyi. Kin gama daka, kin ɗora tukunya, to ki sauke shi ya miƙe ƙafa a ƙasa. Akwai yaran da ke wuni daga bayan uwa zuwa bayan yaya zuwa bayan kaka, ƙasa ba ta ganinsu sai lokacin wanka, sannan a zo ana cewa yaron nan yana da nauyin ƙafa.

Game da nauyin ƙafar ma, ku kwantar da hankalinku. Hukumar ta bi diddigin yara a ƙasashe 5, har da Ghana, ta wallafa sakamakon a 2006. Yara lafiyayyu sun fara zama da kansu tsakanin kusan wata 4 zuwa wata 9, sun fara tafiya su kaɗai tsakanin wata 8 zuwa kusan wata 18. Ku dubi faɗin tazarar nan. Muna cewa da rarrafe yaro kan tashi, to an ma samu kamar 4 cikin 100 da ba su yi rarrafen hannu da gwiwa ba, suka miƙe lafiya lau. Saboda haka kada kishiya ko maƙwabciya ta tayar miki da hankali don nata ya riga naki. In ya wuce wata 18 bai taka ba, ko ya daina abin da ya riga ya iya, ko kin ga gefe ɗaya na jikinsa ba ya aiki kamar ɗayan, wannan kam a je asibiti.

Keken nan na roba mai tayoyi da ake zaunar da jariri a tsakiyarsa, ku rabu da shi. Ba ya sa yaro saurin tafiya. Gudu yake ba wanda bai iya birki ba, ya kai shi bakin matakala ko gaban risho kafin ki juyo. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Namu na katako da kafinta ke yi, wanda yaro ke turawa a tsaye, ya fi shi, in dai yaron ya riga ya iya tsayawa da dafa bango, kuma ƙasar a miƙe take.

Daga shekara 1 zuwa 4, abin da ake so shi ne minti 180 na motsi iri-iri a yini, wato awa 3. Ga 'yan shekara 3 da 4, aƙalla minti 60 daga ciki ya zama wasan da ke sa haki da gumi. Kallon waya ko talabijin kuwa kada ya wuce awa 1 ga ɗan shekara 2 zuwa 4, ƙasa da haka ma ya fi.

To me za mu koya musu? Gudu da hawa ba sa buƙatar malami. Abin da yaro ba ya iyawa shi kaɗai da wuri shi ne tsayawa, da saukowa, da faɗuwa.

Saukowa tukuna. Tun yana rarrafe, in ya nufi bakin gado ko dandamali da kai, kada ki sure shi kawai. Ki juya shi, cikinsa a kan gadon, ƙafafu su fara sauka, hannunki a ƙugunsa har tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa, kina cewa “da baya, da baya.” Ki maimaita duk lokacin da ya nufi wurin. Wata rana za ki ga ya isa bakin gadon, ya dakata, ya juya da kansa.

Tsayawa kuma da wasa ake koyar da ita. Malama ta samu gwangwani da cokali. Tana kaɗawa yara na gudu, ta tsaya, kowa ya ƙame. Daga nan ta riƙa sauyawa: yanzu tsallen kwaɗo, yanzu tafiyar agwagwa a tsugune, yanzu da baya, yanzu a kan layin da aka ja da toka ba a kauce ba. Yaron da ya saba tsayawa cak idan ya ji alama, shi ne zai tsaya in kika ƙwala masa kira a bakin titi ga babur tafe.

Faɗuwa ita ce iyaye suka fi jin nauyin koyarwa, ita ce kuwa na fi so ku koyar. A kan rairayi ko tsohuwar katifa, yaro ya yi tsalle daga abin da bai wuce gwiwarsa ba, ya sauka da ƙafa biyu, gwiwoyi a lanƙwashe, hannuwa a gaba. Ku saurari saukar. In kun ji tim, ƙafar a sandare take, a ce ya sake, ya sauka shiru yadda kyanwa ke sauka. Sai mirginawa ta gefe. Alkafura a bari sai ya ƙara wayo, kuma da babba a kusa yana tabbatar da cewa haɓa na manne da ƙirji, nauyi na kan hannuwa, ba a kan wuya ba.

Ba ma buƙatar kayan wasa daga waje. 'Yar gala-gala tsalle ce da ƙafa ɗaya da auna inda za a sauka. Langa daidaita jiki ce, ga waɗanda suka tasa. Carafke tana haɗa ido da hannu, sai dai a nisanta tsakuwar daga ɗan ƙasa da shekara 3, don baki zai kai ta. Tsallen igiya, gare, ɓuya, gaɗa, duk namu ne. Kuma don Allah a bar 'ya'ya mata su yi gudu. 'Yar shekara 4 da ake ce wa mace ba ta tsalle, ƙashinta da zuciyarta suna buƙatar abin da na ɗan'uwanta ke buƙata.

Yanzu hannun manya, iyaye maza ku matso da kunne. Fizgar yaro ta hannu ɗaya don a tsallakar da shi lambatu, ko lilo da shi ta tsintsiyar hannu, yana gocar da gwiwar hannun ɗan shekara 1 zuwa 4. Za ka ga ya saki hannun a jikinsa, ya ƙi amfani da shi. A ɗaga yaro ta hammata. In ya riga ya faru, ma'aikacin lafiya yakan mayar da shi cikin ɗan lokaci, kada a tsaya ja da murza a gida. Jariri kuwa ba a jijjiga shi da ƙarfi, ba a cilla shi sama a cafe. Kansa ya yi wa wuyansa nauyi, jini na iya zuba a ƙwaƙwalwa.

Sannan ƙasar da zai taka. In kun koma gida, ku tsuguna daidai tsayinsa ku dubi tsakar gidan. Rijiya da murfi mai nauyi? Bokitin wanki da aka bari da ruwa, yaro mai tatata kan leƙa, kai ya rinjaye shi, ya kasa fitowa, kuma ba za ki ji ihu ba. A zubar, a kife. Murhu da kaskon suya a yi musu shinge. Ƙusa, fasasshiyar kwalba, tayil mai santsi bayan an goge. A watannin bazara siminti da rana tsaka yana ƙona tafin ƙafa, a mayar da wasa safe da la'asar, ruwan sha a kusa.

Duk da haka za su faɗi, kuma yawanci ƙujewa ce, a wanke da ruwa da sabulu. Amma in kai ya bugu, yaro ya suma ko na ɗan lokaci, ko yana ta amai, ko barci ya kama shi da ƙyar ake tashinsa, ko ya yi jijjiga, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, asibiti nan take. In gaɓa ta kumbura ko ta karkace, a ɗauki hoton ƙashi a asibiti kafin kowa ya ɗaure ta, domin ɗauri mai tsanani yana tsayar da jini, yara sun rasa hannu ta wannan hanya.

(Wata uwa ta yi tambaya kan ɗanta mai sikila.)

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kada ki ware shi a bakin ƙofa yana kallon 'yan'uwansa. Ya yi wasa, amma ya sha ruwa kafin ya fara da kuma tsakiyar wasan, ya huta da zarar ya ce ya gaji, kada a sa shi tsere da rana tsaka, kada kuma ya jiƙe a iskar hunturu. Ki gaya wa malamarsa halin da yake ciki, ta san cewa in ya ce ƙafarsa na ciwo ba lalaci ba ne. In kun je ganin likitansa, ki faɗa masa irin wasannin da yake yi, ya gaya miki iyakar da ta dace da shi.

Na ga an ɗaga mini hannu lokacin salla ya yi. Sauran tambayoyin mu haɗu a kansu bayan an idar. Wassalamu alaikum.