Mako biyu cikin duhu: yadda kamfanonin Japan ke tunkarar guguwar taifun

Da asubahin Litinin, 9 ga Satumba 2019, mahaukaciyar guguwar da aka sa wa suna Faxai ta afka wa lardin Chiba, gabas da birnin Tokyo. A birnin Chiba, gudun iskar ya kai kilomita 207 cikin sa'a ɗaya. Zuwa hantsi, gidaje sama da 900,000 a Chiba da maƙwabtanta ba su da wuta. Falwayoyi kusan 2,000 sun karye ko sun karkace, a garin Kimitsu kuma manyan turakun ƙarfe guda biyu masu ɗauke da babban layi sun kwanta ƙasa warwas. Japan ce fa, inda da wuya mutum ya ga an ɗauke wuta. Amma wasu ƙauyukan sai da suka yi mako biyu cikin duhu.

Taifun suna ne na guguwar teku da ke tasowa a arewa maso yammacin tekun Fasifik. Akan samu kamar 25 a shekara, ta fi ƙamari a Agusta da Satumba. Abu ɗaya mai sauƙi game da ita shi ne ba ta zuwa ba sallama. Hukumar hasashen yanayi ta Japan na bin sawunta kwanaki kafin ta iso, kuma waɗannan 'yan kwanakin su ne jarin kamfanoni.

Kamfanin wuta yakan kafa ofishin gaggawa, ya kira ma'aikata bakin aiki, ya tura falwayoyi da wayoyi da taransifoma kusa da inda ake zaton ɓarna, tare da motoci masu ɗauke da manyan janareta. Masu kula da madatsun ruwa sukan saki wani kaso na ruwan tun da wuri domin a samu inda za a tare ruwan sama. Kamfanonin jirgin ƙasa su sanar tun ana gobe cewa ba jirgi daga ƙarfe kaza. Akwai ma abin da ba kowa zai kawo a ransa ba: gishiri. Iskar na kwaso feshin ruwan teku ta watsa wa na'urori, gishirin ya sa wuta ta riƙa tartsatsi, shi ya sa ake wanke kayan tashoshin da ke bakin teku.

To me ya faru a Chiba? TEPCO, kamfanin wutar lantarkin yankin, ya fara cewa wuta za ta dawo nan da kwana biyu. Da ma'aikata suka nufi cikin duwatsu, sai suka tarar da itatuwa sun faɗi sun toshe hanya, mota ba ta wucewa. Ka tsaya ka hango ma'aikaci riƙe da zarto, gabansa itace kwance a kan waya, bayan wannan akwai wani, bayan shi ma wani, ga falwayar da ya zo gyarawa can nesa bai ko gan ta ba. Sai da sojoji suka shigo aikin sare itatuwa. Kamfanin ya yi ta ɗage ranar, kuma a ganina wannan ya fi komai cutar da jama'a, domin wanda aka ce wa jibi ba zai yi tanadin mako biyu ba.

Rashin wutar kuma bai tsaya a kan kwan fitila ba. Batiran turakun sadarwa suka ƙare, waya ta daina shiga, ƙananan hukumomi suka kasa kai rahoton halin da suke ciki. Injinan tura ruwa suka tsaya, famfo ya ƙafe. Ga zafi ya biyo bayan guguwar, ba na'urar sanyaya ɗaki, har aka rasa rayuka.

Gyara yana da tsari. Ana fara tayar da manyan layuka da tashoshin rarraba wuta, sai layukan da ke ciyar da asibitoci da ma'aikatun ruwa, daga ƙarshe wayar da ke shiga gida. An tara ma'aikata kimanin 16,000, da yawansu aro ne daga kamfanonin wasu yankuna. A nan aka gano cewa kayan aiki da salon gyara sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, abin da ya rage sauri. Dokar da aka yi a 2020 ta wajabta wa kamfanonin rarraba wuta tsara shirin taimakon juna tun kafin bala'i. Yanzu kuma ana ƙara amfani da ƙananan jirage marasa matuƙi wajen leƙa inda ƙafa ba ta kaiwa. Binne wayoyi a ƙasa zai rage matsalar sosai, sai dai tsada, ga shi ƙasar na da falwayoyi sama da miliyan 35.

Wata guda bayan Faxai, sai ga wata guguwar mai suna Hagibis, ita kuma da ruwa ta zo. A Kasukabe, arewa da Tokyo, akwai wani ramin ƙarƙashin ƙasa mai zurfin mita 50 da tsawon kilomita 6.3, wanda aka kammala a 2006. Ya haɗiye ambaliyar ƙananan koguna, injinansa suka riƙa juye ta cikin kogin Edo. A birnin Nagano kuwa, kogin Chikuma ya ɓalle ya mamaye wurin ajiye jiragen ƙasa masu tsananin gudu na Shinkansen. Jirage goma, tarago 120, suka tsaya jere cikin ruwan laka, kuma duka aka yi asararsu. Tun daga nan, idan hasashe ya nuna kogi zai cika, ana kwashe jiragen a kai su tudu tun ruwa bai iso ba.