Gawo da tawada: lacca kan zanen Ibrahim El-Salahi

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, ƙannena ɗalibai na nan Gadarif, na gode da kuka fito duk da wannan rana.

Wani yaro ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malam, zanen da ba ya kama da komai, shi ma zane ne?" Da tambayarsa zan fara, domin Ibrahim El-Salahi, mai zane ɗan Sudan, shi ma sai da ya sha ta.

An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin addini ne, don haka a gaban allo ya tashi kamar yawancinmu. Ya je makarantar koyon zane ta Slade a Landan daga 1954 zuwa 1957, inda ya ƙware a zanen kamanni: a sa haske a gefe guda, inuwa a ɗaya gefen, har takarda shimfiɗaɗɗiya ta yaudari ido ka ga kamar fuska za ta yi magana. Da ya dawo ya baje aikinsa a Khartoum, mutanen gari ba su ga kansu a ciki ba. Sai ya koma wa harafin Larabci da zayyanar allo, yana jan harafi yana lanƙwasa shi har fuska ko tsuntsu ya ɓullo daga ciki.

To, nan nake so ku tsaya. Ku tuna allon da aka yi wa zayyana ranar sauka. Da wa yake kama? Ba kowa. Amma ba ku taɓa ganin uwar da ta kalle shi ta ce ba ta gane ba.

A 1975, zamanin mulkin Shugaba Numeiri, aka tsare shi a gidan yarin Kober fiye da wata shida ba tare da shari'a ba. A can yake zane a kan guntayen takardar buhun siminti, yana binnewa a yashi. Baƙar tawada ce da farar takarda suka mamaye aikinsa na shekarun da suka biyo baya, kuma ni a ganina haskensa na gaskiya a nan yake: farin da ya bari bai taɓa ba, shi ke haska baƙin.

Sai itacen da Larabawa ke kira haraz, gawonmu ke nan. Kun san halinsa, da damina ya kaɗe ganye, da rani ya yi shar, dabbobi su sami abin ci. Salahi ya yi ta zana shi, wani lokaci layuka ne kawai a tsaye, ba ganye ba reshe. Manomin da ya san gawo zai gane wannan tsayuwa.

A 2013 gidan baje kolin zane na Tate Modern a Landan ya baje ayyukan rayuwar Salahi. Na zo da hotunan wasu, za a zagaya da su yanzu. A fara miƙa wa yaron nan na bakin ƙofa.