Jawabin Kwamitin Ilimi a Taron Ƙungiya a Jidda: Rainon Ɗaliban Kimiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa, barkanmu da haɗuwa.

Kwamitin ilimi ya zo da roƙo guda. A zauren nan akwai likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a. A gida kuwa, daga Zariya zuwa Sakkwato har Yamai, ga yara sun gama digirin kimiyya da sakamako mai kyau, amma ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu hanya. Muna so kowa ya ɗauki ɗalibi ɗaya, in ya yi yawa biyu, ya raine shi shekara guda. Awa ɗaya a wata muke nema, ban da lokacin duba rubutunsa.

Wuraren zuwa ƙaro karatu akwai su. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta KAUST a Thuwal, nan arewa da mu, da aka buɗe a 2009: wanda ta ɗauka digiri na biyu ko na uku ba ya biyan kuɗin karatu, ga masauki ga alawus. Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana da difloma ta shekara ɗaya a fizis da lissafi don ɗaliban ƙasashe masu tasowa. AIMS, cibiyar nazarin lissafi ta Afirka, na da cibiyoyi a Ghana da Senegal da Kamaru. OWSD kuma, ƙungiyar mata masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, mata zalla take tallafa wa, don Allah a tuna da 'ya'yanmu mata.

Inda ake faɗuwa shi ne wasiƙar farko. Yaro zai rubuta wasiƙa ɗaya ya watsa wa farfesoshi barkatai, ya zauna jiran amsar da ba za ta zo ba. Ku sa shi ya karanta takardun bincike biyu na malamin tukuna, sannan ya rubuta abin da bai wuce rabin shafi ba: ga abin da na karanta a aikinka, ga abin da hannuna ya iya a ɗakin gwaji, ga tambayar da nake son bi. A soma shiri wata shida kafin ranar rufewa, domin takardar sakamako da wasiƙun shaida daga malamai su ne ke cin lokaci.

Sai batun kunya. Tarbiyyarmu ce, muna alfahari da ita, amma a nan tana cutarwa. Za ka yi ta bayani, ya ce "to, ranka ya daɗe", alhali bai gane ba, kuma ba zai taɓa fara kiranka ba. Saboda haka kai za ka tsayar da rana, misali Asabar ta farkon wata, ƙarfe 11 na safe a nan, ƙarfe 9 ke nan a Kano da Maraɗi. Kiran murya ya isa, bidiyo cinye masa data yake yi. Ya turo rubutunsa kwana uku kafin nan, in ka gama magana ka ce ya maimaita maka da bakinsa. Ka nuna masa kuskure, amma kada ka rubuta masa. Ranar ganawa da masu tantancewa shi kaɗai zai zauna.

Ku tsare su daga mujallun bogi, masu turo saƙon yabo da alkawarin bugawa cikin mako guda in an biya dala. A duba sunan mujalla a Scopus ko DOAJ, shafukan da ke jera mujallun da aka tantance, kafin a tura komai. Ɗalibi ya buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, kyauta ce.

Malaminsa na gida ya san da kai tun ranar farko, kuma a yi maganar sunan wa zai fito a takardar bincike kafin a fara aiki. Gyaran Turanci kaɗai bai isa a sa sunanka ba.

Takardar rajista na bakin ƙofa. A rubuta suna da fanni, mai jin Faransanci ya nuna, domin ɗaliban Nijar na jira. Wassalamu alaikum.