Rainon Tsiron Dijitalis a Sanyin Jos

An rubuto wannan daga faifan laccar da aka yi wa masu lambun furanni a Jos.

Jama'a, assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Furen nan dijitalis, wanda za ku ga an rubuta foxglove a jikin fakitin irinsa, ɗan Turai ne, a gefen daji mai laima da inuwa yake fitowa. Mu da muke kan tudun nan, kusan mita 1,200 daga doron teku, muna da ɗan rabo da shi. 'Yan'uwanmu na Abuja kam zafi zai ba su wahala.

Irinsa ya fi na alayyafo ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma sai ya ga haske yake tsirowa. Saboda haka kada ku binne shi. Ku barbaɗa a kan ƙasa mai laushi, ku ɗan danna da tafin hannu, shi ke nan. Cikin mako biyu zuwa uku za ku ga kore.

To a nan ne ake asara, kuma yawanci ruwa ne ke jawo ta. Mutum ya ga tsiro ya fito, murna ta kama shi, safe ban ruwa, yamma ban ruwa. Wata rana ya tashi ya tarar duk sun kwanta, gindin karan ya tsuke ya yi baƙi. Fumfuna ce, tana son jiƙaƙƙiyar ƙasa da wurin da iska ba ta ratsawa, kuma wanda ya kwanta ba ya tashi. Ku huda gindin mazubin da kuka shuka a ciki, ku tsoma shi a faranti mai ruwa ya sha ta ƙasa, sannan ku ɗauke. Kafin ku ƙara, ku taɓa da yatsa. In a damina kuka shuka, ku sa su ƙarƙashin rumfa, don ruwan Agusta na garin nan ba ya tausayin tsiro. Inda suka yi cunkoso ku rage, ko da kuna jin ciwon kuɗin iri.

Da zarar ganyen gaskiya biyu sun fito, bayan na farkon tsiro, sai a raba su. A kama ta ganye, ban da kara. Ranar dashe a bar wajen santimita 40 tsakani, inda rana ke bugawa da safe kawai.

Hajiya tana tambaya yaushe zai yi fure. Hajiya, na asalin shekara biyu yake yi. Shekarar farko ganye kawai yake tarawa a ƙasa, sai sanyi ya ratsa shi sannan ya fidda zangarniya. Hunturunmu bai kai na Ingila ba, shi ya sa ni na fi son ku nemi irin da ke fure a shekarar farko, kamar Foxy ko Dalmatian.

Sai maganar da ba wasa. Ganye, fure, iri, saiwa, duk guba ne. Gaskiya ne likitan Ingila William Withering ya bayyana amfaninsa a 1785, kuma daga dangin furen ake samun maganin zuciya digoksin, amma tsakanin magani da ajali a ganyen nan tazarar kaɗan ce. Kada wani ya dafa ya ce yana maganin zuciya. Kada a raine shi kusa da bedin latas ko kabeji, inda yaro zai tsinko a haɗa da ganyen miya. A killace shi daga awaki, a wanke hannu da sabulu bayan dashe.