Maganin Furostet da Hawan Jini Mai Sa Jiri: Kafin Baba Ya Haɗiyi Ƙwayar Farko

Assalamu alaikum jama'ar Zango, mutanen Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Tafo, da masu kallonmu daga Ankara. Yau da iyayenmu maza nake magana, amma iyaye mata da 'ya'ya ku matso kusa, domin ku ne kuke karɓo maganin a asibiti, ku ne kuma kuke jin ƙarar faɗuwa cikin dare.

A ɗauko kwalin maganin Baba a duba sunan. Idan an ga tamsulosin, ko doxazosin, ko terazosin, ko alfuzosin, ko prazosin, to duk dangi ɗaya ne, likitoci suna ce musu alfa-buloka. Abu biyu ake ba da su a kai: kumburin furostet mai hana fitsari fita yadda ya kamata, da kuma hawan jini.

Me ya haɗa fitsari da jini har magani ɗaya ya yi musu aiki? Ku dubi wannan hoton. Wannan ita ce mafitsara. Ɗan ƙululun naman da ke ƙarƙashinta shi ne furostet, kuma hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa. Idan namiji ya haura shekara 50, yawanci ƙululun yakan fara girma, tsokar da ke cikinsa kuma ta matse hanyar. Kamar tiyon ruwa ne da wani ya damƙe da hannu. Shi ya sa dattijo zai tsuguna ya daɗe fitsarin bai zo ba, in ya zo ya zo siriri, ya gama ya ji kamar da saura, cikin dare kuma ya tashi sau uku ko huɗu. Aikin maganin shi ne ya sassauta wannan damƙa. Da yawa sukan ga sauƙi cikin 'yan kwanaki, wasu sai sun yi 'yan makonni.

To, irin wannan tsokar tana nan a jikin jijiyoyin jini ma. Maganin bai bar su ba, su ma yana sake su, jini ya sauka. Ga mai hawan jini alheri ne. Amma a nan ne maganar da ta sa na yi wannan bidiyo take.

Duk lokacin da ka miƙe tsaye, jini yakan gangara ƙafafu. Jiki ya saba, nan take yake matse jijiyoyin ya mayar da jinin sama. Mai shan wannan magani, jijiyoyinsa ba sa matsewa da sauri kamar da. Sai ƙwaƙwalwa ta ɗan rasa jini, ido ya yi duhu, jiri ya ɗebe shi, wani ma ya suma. Wannan ya fi tsanani a ƙwayar farko, da ranar da aka ƙara yawan maganin. Dalilin ke nan da doxazosin da terazosin ake fara su da miligiram 1 kacal, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, kuma likita yakan ce a sha ƙwayar farko lokacin kwanciya barci.

Sai dai Baba, kai da aka ba wa maganin, kai ne mai tashi fitsari cikin dare. A yawancin gidajenmu na haya ban ɗaki yana can ƙarshen tsakar gida, ga duhu, ga siminti mai santsi. Don Allah kada ka zabura daga kwance ka miƙe. Tashi zaune a bakin gado, ka sauke ƙafafu, ka ɗan motsa su, ka ba kanka kamar minti ɗaya. Sannan ka dafa bango ka miƙe, ka tsaya kaɗan kafin ka taka. A kwanakin farko a ajiye maka tocila da fo ko ɗan bokiti kusa da gado. Ba abin kunya ba ne. Karayar ƙugu ga mai shekara 70 takan kwantar da mutum wata da watanni, wani ba ya sake takawa kamar da. Tashi daga tsuguno ma haka yake, a dafa wani abu.

In jirin ya zo, kada ka ce bari ka daure ka ƙarasa. Zauna ko ka kwanta nan inda kake. Wanda ya suma a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, kada a ɗura masa ruwa a baki, sannan a kai shi asibiti.

Haka a masallaci. Ɗagowa daga sujada zuwa tsayuwa, musamman sallar asuba da doguwar tsayuwar tarawihi, wuri ne da jirin yake kama mutane. Ka ɗan zauna kafin ka miƙe. Idan abin yana dawowa, addini ya yi wa mara lafiya rangwame ya yi salla a zaune, limaminku zai yi maka bayani. A watan azumi kuwa, ko lokacin zafin Fabrairu da Maris, ko in gudawa ko amai sun kama ka, ruwan jiki yana raguwa, jirin kuma yana ƙaruwa. Kafin azumi ya kama, je ka tambayi likita wane lokaci ya dace ka mayar da shan maganin, ka kuma sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur. Direbobin tirotiro da na piragiya, da magina masu hawa sama, ranar da kuka fara maganin ku huta, sai kun ga yadda jikinku ya karɓe shi.

Tamsulosin, wanda aka fi bayarwa don furostet, ya fi maida hankali a kan hanyar fitsari, jirinsa bai kai na sauran ba, ko da yake yana iya zuwa. Miligiram 0.4 ne sau ɗaya a rana, bayan cin abinci, a lokaci guda kullum. A haɗiye shi dungurungum, ba a taunawa, ba a daka shi, domin an yi shi ne ya riƙa narkewa sannu a hankali. Shi ba maganin hawan jini ba ne. Kada wani ya ajiye maganin hawan jininsa, irin su amlodipine, wai ai na furostet ma yana saukar da jini.

Doxazosin ma da ake bayarwa don hawan jini, ba da shi ake farawa ba. A wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna ALLHAT, a shekarar 2000 an dakatar da rukunin masu shan doxazosin, saboda an ga gazawar zuciya ta fi yawa a cikinsu in an kwatanta da masu shan chlorthalidone, maganin da ke rage ruwa a jiki. Tun daga nan likitoci sun fi ƙara shi a kan wasu magunguna idan jinin ya ƙi sauka, ko kuma su zaɓe shi ga wanda ke fama da hawan jini da furostet a tare.

Idan maganin ya ƙare ka yi kwanaki ba ka sha ba, kada ka sayo ka ci gaba daga inda ka tsaya. Jikin ya koma kamar sabo, wataƙila sai an sake farawa daga ƙarami. Tambayi likita ko mai famasi. Ka manta na jiya, kada ka haɗa biyu yau.

Iyayena, ku gafarce ni, akwai maganar da ba a so yaro ya yi wa babba, amma rai ya fi kunya. Maganin ƙarfin maza irin su Viagra, wato sildenafil, da tadalafil, su ma suna sake jijiyoyin jini. In suka haɗu da alfa-buloka jini yana iya faɗuwa ƙasa warwas. Likita ya san yadda zai tsara su idan ka gaya masa gaskiya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙwayoyi da ruwan kwalba da ake tallarsu a tasha da cikin mota da sunan maganin gargajiya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, FDA, ta sha yin gargaɗi cewa ana samun sildenafil a ɓoye a cikin wasunsu. Mai sha bai san abin da ya haɗiya ba, balle yawansa. Giya ita ma tana ƙara jirin.

Wasu kuma, musamman masu shan tamsulosin, za su ga maniyyi ya ragu ko bai fito ba sam. Yawanci mafitsara yake komawa ko kuma bai taso da yawa ba, ba asiri ba ne, ba kuma mutuwar gaba ba ce. In ya dame ka, ko kana neman haihuwa, faɗa wa likita, akwai canji. Toshewar hanci da ciwon kai da kasala ma suna faruwa. Amma gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa huɗu, ko da yake ba kasafai ba ne, wannan na gaggawa ne.

Ga wata da mutane ba sa kawowa a rai: ido. Tun 2005 likitocin ido suka gano cewa wannan magani, tamsulosin musamman, yana sa baƙin ido ya yi laushi yana lilo lokacin aikin cire yanar ido. Idan likitan ya sani tun farko, zai shirya. Saboda haka duk wanda za a yi wa aikin yana, a asibiti ne ko a aikin kyauta da ake kawowa unguwa, ya faɗa cewa yana sha, ko ya taɓa sha, ko da ya daɗe da dainawa.

Maganin ba ya rage girman furostet. Mai yin wannan shi ne finasteride, shi kuma yakan ɗauki kamar wata shida kafin a ga aikinsa, shi ya sa wani lokaci ake haɗa su. Kuma alfa-buloka ba ya maganin ciwon daji, wato kansa. Fitsari ya sake ba ya nufin an rabu da bincike, mu baƙar fata kansar furostet ta fi kama mu. Kada a shiga kemis a sayi tamsulosin don abokin hira a majalisar ataya ya ce ya yi masa aiki. A je a yi gwajin jini na PSA, mai duba lafiyar furostet, likita ya duba, a san da me ake faɗa.

Mai furostet ya yi hattara da maganin mura mai buɗe hanci, irin mai pseudoephedrine, domin yana iya ɗaure fitsari. Idan kuwa fitsarin ya tsaya cak, mara ta kumbura tana ciwo, ko an ga jini a ciki, ko zazzaɓi ya haɗu da zafin fitsari, kada a jira gari ya waye, kada a ƙara ƙwaya ta biyu. A ɗauki katin inshorar lafiya da duk kwalayen maganin da Baba yake sha, har da na gargajiya, a nufi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi ko asibiti mafi kusa, a sa masa robar fitsari.