Abin da likita ke nema idan ya ce ka ɗaga gira

Kun taɓa ganin likita ya ce wa majinyaci ya yi murmushi, ya fito da harshe, ya bi yatsa da ido? Tambaya ɗaya yake bi: a ina matsalar take? A ƙwaƙwalwa ce, ko a laka, ko a jijiyar da ta nufi gaɓa, ko a tsokar kanta?

Amma kafin ya taɓa kowa, sai ya saurara tukuna. Yaushe abin ya fara? Raunin da ya zo farat ɗaya yakan nuna shanyewar ɓarin jiki. Wanda ya yi ta ƙaruwa a hankali na watanni kuwa, sai a fara tunanin ƙari, wato tsiro a cikin jiki. In faɗuwa ce da jijjiga, wanda ya gani da idonsa ya fi majinyacin sanin abin da ya faru, don haka ku zo da shi asibiti.

Yanzu a ce ga fuskar wani majinyaci. Baki ya karkace. Likita ya ce, "Baba, ɗaga min girarka." Idan girar biyu suka ɗaga, amma gefen baki ya saki, ƙwaƙwalwa ake zargi, domin goshi yana karɓar umarni daga ɓangarorinta biyu. Idan kuwa rabin fuskar ne gaba ɗaya ya mutu, har ido ya ƙi rufuwa, galibi jijiyar fuskar ce da kanta. A ganina babu gwajin da ya kai wannan ban sha'awa: motsin gira kawai ya raba cututtuka biyu.

Sai ƙafa. A karce tafin ƙafar baligi, yatsu su lanƙwashe ƙasa. In babban yatsa ya miƙe sama, akwai lahani a hanyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi laka. Joseph Babinski ne ya bayyana wannan a Faransa a 1896. A jarirai dai ba alamar ciwo ba ce.

Ƙarfin tsoka ana ba shi maki daga 0 zuwa 5. Wanda ya suma kuma ana auna zurfin sumarsa da wani ma'auni da ake kira Glasgow, daga 3 zuwa 15.

Idan shanyewar ɓarin jiki ake zargi, za a tambaye ku ƙarfe nawa kuka ga majinyacin lafiya na ƙarshe. Ku riƙe lokacin nan, domin allurar narkar da gudan jinin da ya toshe hanyar jini a ƙwaƙwalwa galibi cikin awa 4 da rabi daga lokacin nan ake yin ta, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa.