Amsoshin Tambayoyinku: Shohei Ohtani, mai jifa kuma mai bugu

Mai gabatarwa: Jama'a, lokaci na harararmu, sai mu yi sauri. Wata baiwar Allah daga Maraɗi na tambaya ko ɗan wasan besbol Shohei Ohtani ɗan Amurka ne. A'a Hajiya, ɗan Japan ne, an haife shi a lardin Iwate a 1994. Wani kuma daga Zariya ya ce nawa yake samu. Haba Malam, ko sallama babu, sai kuɗi? A ƙarshen 2023 ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 700 ta shekara 10 da ƙungiyar Los Angeles Dodgers ta Amurka.

Sai tambayar da ta fi yawa a saƙonninku: me ya sa ake ta zuzuta shi a wasan besbol? Malam, bismilla.

Masani: To, ai tun yana sakandaren Hanamaki Higashi, a 2012, ya jefa ƙwallo mai gudun kilomita 160 a awa. Har ya ce Amurka zai wuce kai tsaye, amma ƙungiyar Nippon-Ham Fighters ta Japan ta zaɓe shi duk da haka, kocinta Hideki Kuriyama...

Mai gabatarwa: Malam, dalilin zuzutawar suke so.

Masani: Can na nufa. Sun shawo kansa da alkawarin zai yi aiki biyu, jifa da bugu. A wannan wasa kowa da nasa. Mai jifa yakan jefa ƙwallo kusan 100 a wasa ɗaya, daga nisan mita 18 da ɗoriya, sannan ya huta kwana huɗu ko biyar a Amurka, a Japan kuwa kusan mako. Mai bugu kusan kullum yana fili. Ka ga ranar da ya kamata hannu ya huta, shi yana can yana bugu.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita. Aikin mutum biyu, jiki ɗaya.

Masani: Haka ne. A 2016 ya ci wasa 10 a jifa, ya buga ƙwallo 22 ta tsallake katanga, ƙungiyarsa ta ɗauki kofin Japan, shi kuma aka ba shi gwarzon rukuninsu. Da ya koma Los Angeles Angels a 2018 ya sake buga 22, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a rukuninsu. A shekarar ce jijiyar gwiwar hannunsa na dama ta yage. Jifa mai ƙarfi ne ke jawo hakan, kuma idan ta yage galibi sai tiyata. Likita yakan ɗauko jijiya daga wani sashen jiki, ya huda ƙashi, ya zura ta. Jinya shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Shi ya sa a 2019 bugu kawai ya yi, bai yi jifa ba.

Mai gabatarwa: Ni dai a ganina, dawowarsa a 2021 ta fi komai, bugu 46 da suka tsallake katanga da kyautar gwarzo ba tare da ƙuri'a ɗaya ta kuɓuce masa ba. Mai tambaya kan Babe Ruth, shahararren ɗan wasan besbol na Amurka na zamanin da, yi haƙuri, sai mako mai zuwa.